Ƙarfen sirdin keke ya cije ya ƙi fita: tambayoyin da ake yawan yi mani

Assalamu alaikum jama'a. Ni dai gyaran keke na tashi na iske ana yi a gidanmu nan cikin birnin Katsina, wajajen Ƙofar Marusa, kuma duk shekara da damina ta ɗauke, wajen wata na 10 zuwa na 11, sai a fara turo mani kekuna masu ciwo iri ɗaya: an kwance noti tas, an murɗa, an ja, amma sirdi ko gezau. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, har bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda. Abin da nake kira ƙarfen sirdi shi ne sandar nan da sirdi ke zaune bisa kanta, wadda ke shiga cikin bututun firam, wasu su ce sandar sit, duk ɗaya ne. Na sa masu lamba don in riƙa tura ku gaba da baya.

1. Wai Malam me ke sa shi cijewa tun farko?

Ruwa ne, sai rashin giris. Ka duba bayan bututun, daidai inda notin matsi yake, za ka ga an ɗan tsaga shi. Tsagar nan tana kallon tayar baya ne, to duk ruwan da taya ta watso, musamman in keken ba shi da madigadi, nan yake fara sauka ya gangara ciki. Ka haɗa da gumi, ka haɗa da ƙurar hunturu da ke shiga ta zauna kamar siminti, ga shi mafi yawanmu tunda aka sayi keken ba a taɓa zare sandar ba ko sau ɗaya.

Amma cijewar kala biyu ce kuma nan ne mutane ke ɓata lissafi. In sandar baƙin ƙarfe ce cikin firam na baƙin ƙarfe, irin su Phoenix da Hero da tsoffin Raleigh na iyayenmu, tsatsa ce ja da kowa ya sani, wannan mai sauƙi ce. In kuwa sandar alminiyam ce cikin firam na ƙarfe, yanda ake yawan samu a kekunan Baljiyam masu giya, wani abu ne daban. Ƙarafa biyu mabambanta in suka haɗu da danshi, alminiyam ɗin ne ke cinyewa, yana fitar da wani farin gari kamar toka, garin nan kuma ya fi asalin ƙarfen da ya fito daga gare shi cin wuri. Kenan sandar kumbura take a ciki, ba mannewa kawai ba. Akwai kuma na ukku wanda ɗan Adam ke jawowa da hannunshi, wato a dunƙara sandar da ta fi ramin kauri, zan zo kanshi a lamba 12.

2. To yaya zan gane wane irin ƙarfe ne nawa?

Mayen ƙarfe. Ka samu na bayan tsohuwar lasifika ko na rediyo, ka kara a jikin sandar, ka kara a jikin firam. Inda ya kama, baƙin ƙarfe ne. Inda bai kama ba, alminiyam ne, ko kabon (wani haɗi ne na zare da gam, ba ƙarfe ba) in keken mai tsada ne sosai. Dan Allah kar ka tsallake wannan, don amsar lamba 8 da ta lamba 10 duk a kanshi suka rataya, maganin da ke ceton wani keken shi ne ke kashe wani.

3. Na kwance notin ya ƙi motsi, me zan fara yi?

Fara cire notin gaba ɗaya tukuna, ba sassautawa ba. Tsoffin kekuna sifana ce, na zamani alanki ne (ɗan lanƙwasasshen makullin nan mai kusurwa shida) mai lamba 4 ko 5 ko 6, wasu kuma ɗan hannu ne da ake ɓallewa. In zoben matsin mai fita ne ka ɗaga shi sama ya bar bakin bututun. In kuma kunnuwa ne haɗe da firam, ka sa sukundireba mai faɗi a tsagar ka ɗan buɗa kaɗan, na ce kaɗan fa, kamar kaurin farce, kunnuwan nan in suka ɓalle aiki ya koma wajen mai walda.

Sannan ka bar sirdin a jiki, shi ne mariƙinka. In kana son sirdin naka ka ɗaura wani tsoho da ba ka jin asararshi. Ka tsaya bisa keken, ka matse tayar baya tsakanin gwiwoyinka, ka riƙe hancin sirdi da bayanshi ka murɗa dama da hagu. Murɗawa ake fara nema, ba ja sama ba. Sandar da ta yarda ta juya ko da ƙwayar gero ce, ta riga ta sallama, saura lokaci. In ta ƙi, kar ka zuciya, wuce lamba 4.

4. Wane mai ne ya fi, kananzir ko WD-40 ko baƙin mai?

Baƙin mai ya yi kauri, ba ya ratsawa, ajiye shi don sarƙa. WD-40 yana yi in tsatsa ce ja, kananzir ma yana yi kuma ya fi araha, gas na mota ma haka. Kanikawan mota suna son man burki, kuma gaskiya yana shiga lungu, amma yana cinye fenti, in za ka sa shi ka naɗe firam da tsumma ka riƙa gogewa nan take. Masu cewa a zuba Coke ba ƙarya suka yi ba gaba ɗaya, akwai ɗan asid a ciki da ke taɓa tsatsa, sai dai ƙarfinshi kaɗan ne, kuma ka shirya karɓar baƙuncin tururuwa.

Abin da ya fi irin man muhimmanci shi ne kwanakin da ka ba shi. Mutum ya fesa yanzu, ya ƙirga goma, ya ce bai yi ba. Haba Alhaji, tsatsar shekara biyar fa ce. Safe da yamma, kwana ukku zuwa sati, kana ɗan ƙwanƙwasa gefen sandar da katako don man ya samu hanya. In farin garin nan ne na alminiyam kuwa, mai ba ya narkar da shi, sai dai ya ɗan taimaka da santsi. Wasu masu gyara suna jiƙa shi da ruwan amoniya, in ka samu wajen masu sayar da kemikal ka gwada a fili inda iska ke kaɗawa, kuma kar ka kuskura ka haɗa shi da Hypo ko wani bilic, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

5. Ina ta zuba man ta sama amma gangarowa kawai yake ta waje

Eh, don bakin ya toshe. Kifa keken za ka yi, tayoyi sama. Ka toshe ƙarshen sandar ta wajen sirdi da tsumma da leda in a buɗe take, sannan ka zuba man ta ƙasa. A kekuna da yawa in ka kwance ƙarfen feda ka leƙa ramin, akwai ƙofa da ke shiga bututun sirdi kai tsaye. In keken na da ƙananan notuna biyu na ɗaura gorar ruwa a jikin bututun, ka cire ɗaya ka ɗura ta nan da sirinji, ya fi sauƙi. A haka man zai taru ya kwanta daidai inda ciwon yake, ka jingine shi a zaure ka manta da shi kwana biyu.

6. Abokina ya ce in buga shi da guduma ya shige ƙasa, wai sai ya saki

Abokin nan naka ya jawo mani aiki da yawa a rayuwa, ko da ban san shi ba. Akwai gaskiya ƙwaya ɗaya a maganar: bugu ɗaya mai kyau, da katako a tsakani, wani lokaci yana fasa tsatsa a keken baƙin ƙarfe. Matsalar ita ce ba wanda ke tsayawa a ɗaya. Sai a yi ta luguden har kan sandar ya baje kamar naman kaza, ko ta nutse ciki ta bar ka ba abin kamawa, ka ga garin neman gira an rasa ido.

Bara wani yaro ɗan sakandare ya turo mani keken da yayanshi ya bar mashi da zai tafi bautar ƙasa. Yayan dogo ne, shi kuma ƙafarshi da ƙyar take isa feda, sai ya ɗauko taɓaryar gidansu ya hau sirdi da duka don ya sauka. Sirdin ya karye, sandar ta lanƙwashe, bututun ya tsage daga bakin tsagar zuwa ƙasa kamar tsawon ɗan yatsa. Yana tsaye yana ce mani Baba dan Allah kar Yaya ya ji. Da tun farko ya kawo, kananzir na kwana huɗu ya ishe shi.

7. Naji ana maganar bayis, yaya ake yi?

Wannan ita ce hanyar da ta fi fitar mani da kekuna, nesa ba kusa ba. Dabarar ita ce maimakon ka murɗa sanda da ɗan guntun sirdi, sai ka kafe sandar wuri guda ka murɗa keken gaba ɗaya, firam ɗin ya zama dogon mariƙi. Ka je wajen mai walda ko maƙeri mai bayis, wato ƙarfen nan mai baki biyu da ake matse abu a ciki, wanda aka kafe a teburi mai nauyi. A cire sirdi, a cire tayar gaba, a kifa keken a matse kan sandar cikin bayis tamau. Mutum ɗaya ya riƙe wuyan firam ta gaba, ɗaya ya riƙe ta baya, ku juya tare, a hankali, kuna ƙara ƙarfi sannu sannu ba fizga ba. Ni ina barin tayar baya a jiki don kar siraran ƙarafan bayan su lanƙwashe.

In za ta saki za ka ji ƙara, ƙas! kamar an karya busasshen kara, gabanka sai ya faɗi ka ɗauka firam ne ya tafi. Duba da kyau, galibi tsatsar ce ta fashe. Daga nan sai dama, hagu, dama, hagu, kuna ɗaga firam ɗin sama kaɗan kaɗan, ana ɗiga mai. Ka riƙa taɓa bututun, in ya ɗau zafi saboda gugar ku tsaya ku sha ruwa ya huce, don alminiyam in ya yi zafi ƙara cika ramin yake. Abu ɗaya da za ka sani: wasu sandunan kansu daban aka yi aka manna, sai ka ga kan yana juyawa shi kaɗai, jikin na nan daram. In haka ta faru ka matse jikin sandar kanta a bayis, ko ka huda ta ka zura dogon rodi. Ta riga ta zama asara dama. Sifanar masu gyaran famfo ma tana yi in babu bayis, amma tana murƙushe sanda mai siririn jiki.

8. Wuta ake sawa ko ƙanƙara? Kowa da abin da yake faɗa

Duk biyun daidai ne, ya danganta da abin da mayen ƙarfe ya gaya maka a lamba 2. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, haka kuma yana tsukewa da sanyi kusan ninki biyu. To lissafa da kanka. Sandar alminiyam cikin firam na ƙarfe, sanyi take so: ka fasa ƙanƙara irin ta masu kunun aya ka cika cikin sandar, ka naɗe na waje da ita, bayan minti goma sha biyar a kai bayis. Sandar ƙarfe cikin firam na alminiyam kuwa zafi ne, amma tafasasshen ruwa daga buta kawai, a kwarara a jikin bututun. Wani lokaci ina haɗa su, ruwan zafi yau, ya huce, ƙanƙara, a maimaita, kai-komon nan shi ke farfasa garin da ke tsakani.

Wutar gas ta masu walda ita ce nake tsoro. Fenti dai ya tafi, wannan ba gardama. Firam na alminiyam gasa shi aka yi a masana'anta don ya yi ƙwari, harshen wuta yana kashe wannan ƙwarin, keken zai yi kyau a ido amma ya zama lagwani, kuma alminiyam narkewa yake a wajen digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗe ka ba. Tsoffin firam na ƙarfe kuma da yawa da tagulla aka liƙe gaɓoɓinsu, in aka matsa wuta kusa da gaɓa liƙin na iya saki. In dole sai an sa, to ƙarfe cikin ƙarfe kawai, kuma sama sama.

9. Duk na yi ya ƙi, ko kuma sandar ta karye. Shi kenan keken ya mutu?

Bai mutu ba, sai dai ka nemo zarto da haƙuri. A yanke sandar a bar kamar santimita 2 zuwa 3 sama da bakin bututu, kar a yanke daidai baki, wannan guntun shi za ka kama daga baya. Sai ka zare ruwan zarton ƙarfe daga mariƙinshi, ka naɗe gefe ɗaya da tsumma, ka zura shi cikin ramin sandar ka riƙa yankawa a tsaye, daga ciki zuwa waje, tun daga sama har ƙarshenta na ƙasa. In ka ida tsaga ɗaya ka yi ta biyu kusa da ita ko a ɗaya gefen, sannan ka kama guntun da filaya ko bayis ka matse, sandar za ta naɗe cikin kanta ta saki bango.

Wahalar ita ce ka riƙe ruwan zarton a miƙe, don hannu yana son cin sama ya bar ƙasa. Ina yaro ina koyo wajen Baba na taɓa yin wannan, ina ta sauri in gama kafin la'asar, ashe sama na riga na ratsa sanda na shiga firam, ƙasa kuwa ko rabi ban kai ba. Bai ce mani komai ba, ya dai miƙo mani tocila ya ce leƙa. Tun ranar duk bayan ɗan yanka sai na haska. Ka kuma lura da garin da ke zubowa, in fari mai ƙyalli ya fara komawa baƙi ko ja, ka isa firam, tsaya. Aikin na iya cin yini guda in sandar ta shiga da nisa.

10. Gaskiya ne soda tana narkar da shi?

Gaskiya ne, sodar nan da mata ke saye don haɗa sabulun ruwa. Tana cinye alminiyam ta bar baƙin ƙarfe. Kenan amfaninta a wuri ɗaya ne tak: sandar alminiyam cikin firam na ƙarfe. In firam ɗinka alminiyam ne ka zuba, ka narkar da keken da hannunka.

Ni sai na rasa yanda zan yi nake zuwa nan, kuma ba na ba yara wannan aikin. Ana tuɓe keken tas, a yanke sandar, a toshe ƙarshenta da roba, a kifa, a ɗura ta ramin feda kamar lamba 5. Sodar ake zubawa cikin ruwa kaɗan kaɗan, ba ruwa cikin soda ba, a robar da ba za a sake ci a ciki ba. Tana tafasa, tana zafi, tana tofo kumfa, iskar da ke fita kuma mai kama wuta ce, don haka a fili, nesa da murhu da mai shan taba da awaki da yara. Safar hannu ta roba da tabarau dole ne, ɗigo ɗaya a ido na iya makantar da mutum, in ta taɓa fata a yi ta kwarara ruwa. Sai an zubar an sake sabo sau da yawa, wani lokaci kwana biyu ko ukku, fenti kuma duk inda ta bi sai ya tashi.

11. Nawa na kabon ne irin na 'yan tsere

Ba su da yawa a garin nan amma suna shigowa jefi jefi. Ba wuta, ba guduma, ba soda, kuma kar a matse firam ɗin a bayis. Murɗawa a hankali, in ta ƙi a yanka sandar kamar lamba 9 a hannun wanda ya saba. Wajen mayarwa akwai man shafawa na musamman na kabon mai ɗan yashi yashi, shi ake sawa.

12. Alhamdulillahi ta fita. Kowace sanda na samu a kasuwa zan iya sawa?

A'a ranka ya daɗe. Kaurinsu kala kala ne, akwai milimita 25.4, akwai 26.8, 27.2, 30.9, 31.6 da wasunsu, kuma bambancin 0.2 kaɗai ya isa ya sa ta cije ko ta riƙa zamewa. Lambar na rubuce a jikin tsohuwar, can ƙasa, ka goge ka duba, in ta goge ka tafi da guntun ko da keken kanshi Babbar Kasuwa a gwada a gabanka. Wadda ta dace da hannu take shiga, da ɗan tauri kaɗan. Duk wadda sai an buga, ba ta keken ba ce.

Kafin ka sa, ka naɗa sanfefa a jikin kara ko rodi ka goge cikin bututun har tsumma ya fito da haske. Sannan ka kula da layin da aka zana kusa da ƙarshen sandar, wannan layin dole ya ɓace cikin firam, in yana waje sandar ba ta shiga yanda ya kamata ba kuma nauyinka zai iya tsaga bakin bututun.

13. Me zan yi kar ya sake faruwa?

Giris, ɗan kaɗan da yatsa, a jikin sandar da cikin bututu. Sau biyu a shekara ka zare ta ka goge ka sake shafawa, ni nakan ce kafin ruwan farko wajen wata na 5, da kuma bayan an gama girbi. Ka manna salatif a daidai tsawonka kafin ka zare don kar ka rasa wurin. Ka yanko guntun tsohon tub kamar tsawon yatsa ka zura ya rufe bakin bututun da tsagar, kyauta ne kuma yana tare ruwa sosai. In ruwa ya dake ka a hanya, ko ka wanke keken, zare sandar ka kifa shi ya tsane, za ka sha mamakin ruwan da zai zubo.

14. Tsawon sirdin ya yi mani daidai, in ƙyale shi a cije?

In kai kaɗai ke hawa kuma gwiwarka ba ta ciwo, wallahi ƙyale shi, a bar kaza cikin gashinta. Keke ba ya lalacewa don sandar ta cije. Sai dai ka sani duk damina ƙara kamawa take, kuma ranar da za ka sayar ko ka ba ɗanka, mai saye mai wayo sirdi yake fara murɗawa kafin ya taya.

15. Na sa giris yanzu kuma zamewa take, ina tafiya sirdi na sauka

Ko giris ɗin ya yi yawa, ko sandar ta yi siriri. Fara goge na saman nan inda matsi ke kamawa, ka bar na ƙasa, ka ɗiga mai a zaren notin don ya ɗauru da kyau, amma kar ka hau sifana da ƙafa. In ka ga kunnuwan biyu sun haɗe da juna kuma har yanzu tana zamewa, to sandar ce ba lambarta ba, koma lamba 12. Masu cusa gwangwanin madara a tsakani, gwangwanin nan ne nake tonowa a ruɓe bayan damina biyu, ya zama tsatsa ya haɗe komai. In dole sai ka yi ciko kafin ka samu kuɗɗin sabuwa, yanko na lemun gwangwani, shi alminiyam ne kuma siriri, ka shafa mashi giris gaba da baya, ka lanƙwasa bakinshi bisa bututun don kar ya faɗa ciki.